Yadda A Ke Auna Juriyar Intanet, A Kwatanta Ƙasa Da Ƙasa

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, darasin da na kawo muku a wannan fitowa darasin awo ne. Mu dai a kwalejin nan awo rabin sana'armu ne. Kullum muna auna ƙoƙarin yara, mu ba su maki, mu jera su daga na ɗaya har zuwa na ƙarshe. To, su ma ƙasashen duniya akwai masu auna su haka nan a kan abubuwa iri iri. Ɗaya daga cikin abubuwan nan shi ne juriyar intanet, watau iyakar yadda intanet ɗin ƙasa zai iya ci gaba da aiki ran da wani ɓarna ta auka masa, da kuma saurin farfaɗowarsa bayan ya faɗi.

Kada wani ya ce wannan magana ta injiniyoyi ce, ba ruwansa. Ai albashi ta banki ya ke zuwa, rajistar jarrabawa ta intanet a ke yin ta, mai kanti kuma ba ya ba ka kaya sai ya ga kuɗi sun shiga wayarsa. Ran Alhamis 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace kusa da gaɓar Kwaddibuwa. Ƙasashe fiye da 10 na Afirka suka ji a jikinsu. A Kwaddibuwa da Laberiya da Binin abin ya yi tsanani ƙwarai, a Nijeriya kuwa bankuna suka yi ta cijewa, amma ba a yanke mu daga duniya baki ɗaya ba. Masifa ɗaya ce, rana ɗaya ce, amma kowace ƙasa da yadda ta ɗauke ta. Abin da na ke so mu koya shi ne yadda a ke gane wannan bambanci tun kafin ranar ta zo.

Sauri Daban, Juriya Daban

Bari mu fara da misali. A ce ga gari biyu. Na farko yana da hanya ɗaya tak, mai kwalta, shimfiɗaɗɗiya, amma ta bi ta kan gada guda. Na biyu ba shi da kwalta, sai hanyoyin burji uku, kowace ta fita ta nata gefen. Da rani kowa zai ce garin farko ya fi, don mota tana isa can da sauri. Amma in Agusta ta yi, ruwa ya ci gadar nan, sai garin farko ya zama tsibiri, na biyu kuwa ko da hanya ɗaya ta yanke, 'yan kasuwa sai su bi ta sauran biyun. Wanda ya auna saurin mota kaɗai ya ba garin farko maki. Wanda ya auna juriya ya ba na biyu. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Wannan tunani ba sabo ba ne. A 1964 wani injiniya a Amurka mai suna Paul Baran ya zana sura uku na hanyoyin sadarwa. A ta farko kowa yana rataye ga cibiya ɗaya, kamar ƙafafun keke da su ke haɗuwa a tsakiya. A ta biyu cibiyoyin suna da ɗan yawa. A ta uku kowace tasha tana haɗe da maƙwabtanta da yawa, kamar saƙar koma. Ya nuna cewa ta farko in an bugi cibiyar shi ke nan, ta uku kuwa ko an yanke zare da yawa saƙo zai sami inda zai bi. Duk awon da za mu yi a ƙasa, a gaskiya tambaya ɗaya ce mu ke yi ta fuskoki dabam dabam: intanet ɗin ƙasar nan ya fi kama da ƙafar keke, ko da koma?

Awo Na Farko: Ƙidayar Hanyoyin Fita

Kusan duk saƙon da ke ƙetare teku daga nahiya zuwa nahiya ta cikin wayoyi ya ke bi, waɗanda aka shimfiɗa a ƙasan teku. Cikin kowace waya akwai zaren gilashi siriri kamar gashin kai, haske ne ke ɗaukar saƙon a cikinsa. Irin wayoyin nan sun fi 500 a duniya, kuma kowace shekara a kan sami lalacewa tsakanin 150 da 200. Galibi komar masunta ce ko angar jirgin ruwa ke jawo ta. Saboda haka tsinkewar waya abu ne na yau da kullum. Abin tambaya shi ne, in ta tsinke me ya rage?

Ku dubi Tonga, wata ƙaramar ƙasa ta tsibirai a tekun Pasifik. Waya ɗaya ce ta haɗa ta da duniya, ta hanyar Fiji. Ran 15 ga Janairu 2022 wani dutse mai aman wuta ya fashe a cikin teku, wayar ta gutsuttsure. Sai da aka yi wajen mako 5 kafin jirgin gyara ya gama haɗa ta. Haka kuma Muritaniya a ƙarshen Maris 2018, da wayar ACE ta tsinke, ƙasar ta yi kusan kwana 2 a yanke, don ita kaɗai ce wayar tekun da ta ke da ita a lokacin.

Yanzu ku ɗauko alli mu yi lissafi. A ce waya ɗaya tana lalacewa rana 1 cikin kowace rana 100. In ƙasa tana da waya biyu waɗanda ba abin da ya haɗa su, to, kafin a sami ranar da duka biyun suka lalace tare sai a ninka 100 sau 100, watau rana 1 cikin rana 10,000. Wannan ya yi shekara 27 da ɗoriya. Kun ga abin da ƙarin waya guda ke yi.

Amma ku lura da sharaɗin da na gindaya, na ce waɗanda ba abin da ya haɗa su. Nan ne mai ƙidaya marar lura ya ke ruɗuwa. Wayoyin da suka lalace a Maris 2024 su ne WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Masu su daban, shekarun shimfiɗa su daban, amma duk sun bi ta wuri ɗaya a gaban birnin Abijan, inda akwai wani kwazazzabo mai zurfi a ƙasan teku. Masana suka ɗauka ƙasa ce ta zabtare a wurin ta kwashe su gaba ɗaya. Watau a takarda huɗu ne, a ƙasan teku kuwa ɗaya ne. Ƙasashen da suka sami sauƙi su ne masu wata waya da ba ta bi ta nan ba, kamar Equiano ta kamfanin Google, wadda ta sauka a Togo da Nijeriya a 2022. A kanta aka juya kaya masu yawa har aka gama gyara, bayan makonni.

To, ashe ƙidayar waya ba ta wadatar ba. Sai mai awo ya ƙara tambaya uku. Ta ina wayoyin suka bi? A ina suka sauka? In ɗaya ta mutu, sauran suna da sararin ɗaukar kayanta? Mu a Nijeriya wayoyinmu suna da dama, tun daga SAT-3 zuwa MainOne da Glo-1 na 2010 da WACS ta 2012, amma kusan dukansu a Ikko, watau Legas, suka sauka. Sai a 2024 wayar 2Africa ta sauka a Ikko da kuma Jihar Akwa Ibom. Wannan ƙofa ta biyu, a wurin mai auna juriya, ta fi ƙarin waya biyu a ƙofa ta farko daraja.

Ƙasar da ba ta da bakin teku kuwa, juriyarta aro ce daga maƙwabta. A Yuli 2009 wayar SAT-3 ta lalace a reshen da ke sauka a Binin. Jamhuriyar Nijar, da ya ke ta Binin hanyarta ta bi, sai ita ma ta yanke, ko da ya ke tsakaninta da teku akwai tafiya mai nisa. Don haka in ana auna irin su Nijar da Cadi, sai a ƙirga iyakoki nawa zaren gilashi ya ƙetara, zuwa ƙasashe nawa dabam dabam.

Awo Na Biyu: Ƙidayar Hannuwa

Hanyoyi suna iya yawa, amma in duk mabuɗansu suna hannun mutum ɗaya an koma gidan jiya. Saboda haka awo na biyu shi ne, kamfanoni nawa ke riƙe da intanet ɗin ƙasar?

A ƙarshen 2012, bayan da aka yanke intanet a Siriya, wani kamfanin Amurka mai suna Renesys ya fito da ma'auni mai sauƙi. Suka ƙirga kamfanonin kowace ƙasa waɗanda ke haɗe kai tsaye da na ƙasashen waje. Mai 1 ko 2, suka ce tana cikin haɗari mai tsanani. Mai ƙasa da 10, haɗarinta babba ne. Daga 10 zuwa 40, haɗari kaɗan. Mai fiye da 40 kuwa, yanke ta yana da wuyar gaske. Dalilin a fili ya ke. Inda ƙofa biyu ce, kuskuren ma'aikaci ɗaya ko umurnin hukuma ɗaya ya isa ya rufe su.

Har wa yau yawan kamfanoni kaɗai ba ya faɗin gaskiya duka, sai an duba rabon kowa. Masana tattalin arziki suna da wani lissafi da ko ɗan aji shida zai iya yi. A ɗauki kason kowane kamfani cikin 100, a ninka shi da kansa, sa'an nan a tara. In kamfani ɗaya ya riƙe komi, 100 sau 100 ya ba mu 10,000. In huɗu ne, kowa da kashi 25, to 625 sau 4 ya ba mu 2,500. In goma ne, kowa da kashi 10, jimla 1,000. Gwargwadon ƙanƙantar jimlar, gwargwadon bazuwar kasuwar. Ga abin ban sha'awa. Ƙasa mai kamfani biyu, kowa da rabi, jimlarta 5,000. Ƙasa mai kamfani uku masu kashi 70 da 20 da 10, jimlarta 4,900 da 400 da 100, watau 5,400. Kun gani, mai uku ta fi mai biyu dogara ga hannu ɗaya.

Kada ku zaci wannan ciwon matalautan ƙasashe ne kaɗai. Kanada ƙasa ce mai arziki, mai saurin intanet, amma 'yan manyan kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da kasuwarta. Ran 8 ga Yuli 2022 aka yi kuskure wajen gyaran na'urorin kamfanin Rogers. Mutane wajen miliyan 12 suka rasa waya da intanet fiye da awa 15, katin biyan kuɗi ya ƙi aiki a kantuna a ko'ina cikin ƙasar, waɗansu ma suka kasa kiran motar asibiti. A wannan shekara kuwa yaƙi ya auka wa Yukren, aka yi ta ruwan bama-bamai, amma intanet ɗin ƙasar bai mutu gaba ɗaya ba. Masana suka ce babban dalili shi ne ƙasar tana da ƙananan kamfanoni masu ɗimbin yawa da mahaɗu da dama, babu wuya guda da za a shaƙe.

Awo Na Uku: Abin Da Ya Rage A Gida

A ce an yanke dukan wayoyin teku. Shin mutumin Ibadan zai iya aika wa bankinsa na Ikko saƙo? Amsar ta dogara ga wani wuri da a ke kira mahaɗar intanet. Mahaɗa ɗaki ne inda kamfanonin ƙasa ɗaya ke kawo wayoyinsu su haɗa, su riƙa musayar saƙo kai tsaye, kamar kasuwar ƙauye inda manomi da maƙeri ke haɗuwa ba sai sun tafi birni ba. Inda babu mahaɗa, saƙon maƙwabci zuwa maƙwabci sai ya tafi Turai ya juyo.

Wannan tafiya tana da lissafi. Haske a cikin zaren gilashi yana gudun kilomita wajen 200,000 a daƙiƙa. Wayar MainOne daga Ikko zuwa Fotugal tsawonta kilomita 7,000. Zuwa da dawowa 14,000 ke nan. In kun raba da 200,000 za ku sami kashi 7 cikin 100 na daƙiƙa, kafin ma a sa jinkirin na'urorin da ke kan hanya. Ga jinkiri, ga kuɗin haya, ga kuma haɗarin cewa ran da teku ta ci waya, maƙwabta biyu ba za su ji juna ba.

Kenya ta buɗe mahaɗarta a Nairobi a 2000, Nijeriya ta kafa tata, IXPN, a Ikko a 2006, daga baya ta yi rassa a Abuja da Fatakwal da Kano da Inugu. Ƙungiyar Internet Society ta yi bincike a ƙasashen biyu a 2012, ta tarar wajen kashi 30 cikin 100 na zirga-zirgar intanet ne a ke samu a cikin gida. Da ta sake aunawa a 2020 sai ta tarar ya kai wajen kashi 70. Wannan irin kwatanci, watau a gwada ƙasa da kanta bayan shekaru, ni a ganina ya fi gwada ta da wata ƙasa amfani. Haka mu ke yi wa yaro, mu duba makinsa na bana da na bara.

Awo Na Huɗu: Tsaro Da Wuta

Intanet tarin hanyoyin kamfanoni ne dubbai, kowane yana shelanta wa maƙwabtansa cewa, in kuna neman adireshi kaza ku biyo ta wurina. Asalin tsarin a kan amana aka gina shi, don haka shelar kuskure tana iya karkatar da ayarin duniya. A Fabrairu 2008 kamfanin sadarwa na Pakistan ya so ya toshe YouTube a cikin ƙasarsa, shelar ta tsallake iyaka, YouTube ya ɓace wa yawancin duniya wajen awa 2. A Nuwamba 2018 wani kuskure daga kamfanin MainOne na nan Nijeriya ya karkatar da saƙonnin Google fiye da awa guda. Yanzu akwai wani hatimi na lissafi da a ke kira RPKI, wanda ke tabbatar da mai adireshi na gaskiya. Masu awo sukan ƙirga kashi nawa na adireshin ƙasa ke da hatimin nan, da kamfanoni nawa ke duba shi kafin su karɓi shela.

Sai wutar lantarki, wadda ita ce gindin komi. Ran 28 ga Afrilu 2025 wuta ta ɗauke a Sifen da Fotugal gaba ɗaya. Wayoyin gilashi lafiyarsu lau, amma da baturan turakun sadarwa suka ƙare, zirga-zirgar intanet ta faɗi ƙasa da rabi. Ma'aunin da ya ƙirga waya bai tambayi awa nawa turke zai yi ba tare da wuta ba, ya bar babban rami.

Kayan Awo

Duk abin da na lissafa a sama awon shiri ne, kamar a duba rumbu a ƙiyasta ko zai kai damina. Akwai kuma awon abin da ya faru, ran da yunwar ta zo. Ga kaɗan daga cikin kayan aikin.

Ƙungiyar RIPE NCC da ke Holan ta fara rarraba waɗansu 'yan na'urori a 2010, waɗanda masu sa kai ke maƙalawa a gidajensu da ofisoshinsu. Sun fi 10,000 a duniya. Aikinsu shi ne su riƙa aika ɗan saƙo zuwa wurare dabam dabam, su rubuta ko ya isa, da hanyar da ya bi, da lokacin da ya ɗauka. A jami'ar Georgia Tech ta Amurka kuma akwai wani shiri mai suna IODA, wanda ke sauraron shelar hanyoyi, yana kuma ƙwanƙwasa ƙofofin adireshi na kowace ƙasa ya ga nawa suka amsa. Kamfanoni irin su Cloudflare, da ya ke saƙon jama'a mai yawa ta wurinsu ya ke bi, suna nuna yadda zirga-zirgar kowace ƙasa ke hawa da sauka awa awa.

Daga waɗannan a ke fitar da lambobi uku ga kowace ɓarna: zurfin faɗuwa, watau kashi nawa aka rasa, faɗinta, watau yankuna da mutane nawa ta shafa, da tsawonta, watau awa nawa kafin a koma daidai. Mai hikima ba ya dogara ga shaida ɗaya. In na'urori sun yi shiru, wataƙila wuta ce ta ɗauke a unguwa. Amma in shaidu uku masu zaman kansu suka faɗi tare a minti ɗaya, to lalle wani abu ya faru.

Yadda A Ke Haɗa Maki

A 2023 Internet Society ta fito da jadawalin juriya na ƙasashe fiye da 170, a ƙarƙashin shirinta mai suna Pulse. Aikin ya samo asali ne daga wani awo da aka fara yi wa ƙasashen Afirka tare da AFRINIC, hukumar da ke raba adireshin intanet a nahiyarmu. Suka kasa jarrabawar kashi huɗu: kayan aiki, nagartar aiki, tsaro, da shirin kasuwa. Kowane kashi yana da ƙananan tambayoyi a ƙarƙashinsa, sa'an nan a tara a ba ƙasa maki cikin 100. Galibi ƙasashen Turai ne suka fito a sama, yawancin na Afirka suna can ƙasa.

Yaya a ke tara abubuwan da ma'auninsu ya saɓa, ga sauri, ga farashi, ga yawan mahaɗu? Sai a mai da kowane zuwa sikeli ɗaya. A ce wajen sauri ƙasar da ta fi kowa rauni ta sami 10, wadda ta fi kowa ta sami 210, tamu ta sami 60. A cire 10 daga 60, saura 50. A cire 10 daga 210, saura 200. To 50 cikin 200 shi ne kashi 25 cikin 100, makinmu ke nan. Ku lura, in zakaran ya ƙara gudu baɗi, makinmu zai ragu ko da mu ba mu ja baya ba.

Yanzu ga ƙasashe biyu na misali, ba na gaske ba. Ƙasar Alif ta sami 80, 80, 60, 20 a kashi huɗun nan bi da bi. Ƙasar Ba ta sami 60 a kowane. Ku tara ku raba da 4, kowace ta sami 60, sun yi kunnen doki. In aka ce kayan aiki ya fi muhimmanci, a ninka makinsa biyu a raba jimla da 5, Alif ta sami 64, ta wuce. In aka ce shirin kasuwa ne za a ninka, Alif ta koma 52, ta faɗo. Ƙasashen ba su sake ba, mai jarrabawa ne ya sake nauyi. Kowane malami ya san wannan, don ya san abin da ke faruwa ga jerin aji in aka ce Lissafi maki 200 ne, Zane 50. Game da juriya kuwa, ni Alif na fi ji wa tsoro, gama igiya daga inda ta fi siranta ta ke tsinkewa, 20 ɗin nan kuwa ta ɓuya a cikin 60.

Abin Da Maki Ke Ɓoyewa

Abu na farko, makin ƙasa matsakaici ne. Wanda ya auna Nijeriya, yawancin abin da ya gani na Ikko ne da Abuja. Garin da zaren gilashi ɗaya tak ya shiga, wanda motar gyaran hanya ke iya tsinkewa da safe ɗaya, yana cikin halin Tonga ko da ƙasarsa tana da wayar teku bakwai.

Na biyu, masu awo sun fi gani inda kayan awo suka fi yawa. Na'urorin RIPE sun yi cunkoso a Turai, a Afirka kuwa tsilla tsilla ne. Awon sauri kuma daga mutanen da suka gwada wayarsu da kansu a ke tara shi, su kuwa galibi 'yan birni ne masu waya mai kyau.

Na uku, akwai yankewar da ba haɗari ba ce, umurni ne. Masar ta rufe intanet wajen kwana 5 a farkon 2011. Kamaru ta yanke yankunanta biyu masu magana da Ingilishi wajen wata 3 a 2017. A Satumba 2021 aka rufe turakun sadarwa a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da waɗansu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ko mene ne dalilin hukuma, a wurin ɗalibi da ɗan kasuwa sakamakon ɗaya ne da na tsinkewar waya. Don haka sai a ajiye tarihin rufewa kusa da makin juriya, a karanta su tare.

Shawarata gare ku ita ce, duk ran da kuka ga jarida ta ce ƙasa kaza ta zo ta kaza a duniya, ku yi mata tambayoyin da za ku yi wa takardar sakamakon yaro. Me aka tambaya? Wane nauyi aka ba kowace tambaya? A wace shekara aka yi awon? A wane fanni aka fi rauni? Wa aka bari a waje? Sa'an nan ku juyo da awon gida, gama in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Makarantar da za a tura ka, in tana da layin kamfani biyu amma duk a kan turke ɗaya su ke, hanya ɗaya gare ta. In sakamakon yara yana cikin kwamfuta ɗaya ba kwafi a wani wuri, shi ma haka.

Aikin Yi

1. Wata ƙasa tana da kamfanoni huɗu masu kashi 40, 30, 20 da 10. Wata tana da biyar masu kashi 60, 10, 10, 10 da 10. Ku fitar da jimlar kowace, ku faɗi wadda ta fi dogara ga hannu ɗaya.

2. In waya tana lalacewa rana 1 cikin 50, sau nawa waya biyu masu zaman kansu za su lalace tare? Me zai sake in an binne su a rami ɗaya?

3. Ku zana taswirar Afirka ta Yamma, ku sa alama a ƙasashen da ba su da bakin teku, ku nuna maƙwabtan da kowace za ta iya bi ta kai ga wayar teku.

4. Ku zaga kwalejin nan ku rubuta ayyukan da za su tsaya in intanet ya ɗauke kwana 3, da abin da za a yi a madadin kowane. Ku shirya wannan a matsayin darasi na minti 40 ga 'yan aji shida, ku kawo mu duba tare.